CIWON KAI MAI YADA ZANGO

Bayani zuwa ga Hakimai da Malamansu na ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, a kan yadda a ke gane wannan ciwo da yadda a ke maganinsa

DALILIN WANNAN TAKARDA

Ciwon kai iri-iri ne, kuma ba duka ke da magani ɗaya ba. Akwai wanda gajiya da rana ke kawowa, mutum ya sha ruwa ya kwanta ya wartsake. Akwai wanda ke zuwa tare da zazzaɓi, wanda in an yi sakaci da shi sai a rasa rai cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai kuma wani iri wanda shi kansa ba ya kisa, amma zafinsa ya kai matuƙa, har likitoci suna lissafa shi cikin mafi tsananin azabar da ɗan Adam ke iya ji a jikinsa. A kan wannan na ukun ne a ka rubuta wannan takarda.

Likitoci suna kiransa kulasta, kalmar Turanci ce mai nufin gungu ko tari, domin bugunsa yakan zo ne a tare, a jere, ba a warwatse ba. Mu a nan za mu kira shi ciwon kai mai yada zango, saboda halinsa irin na ayari ne: yakan sauka wa mutum ya yi makonni yana tashinsa kullum, sa'an nan wata rana ya naɗe kayansa ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa sai bayan watanni ko shekara.

Abin da ya sa a ka nufo Hakimai da malamansu da wannan bayani shi ne, talaka in abu ya gagare shi ƙofar Hakimi ya ke nufa, ko ta dagaci, tun kafin ya yi tunanin asibiti. Kuma mai irin wannan ciwo sau da yawa akan ɗauke shi mahaukaci, ko mai iska, ko wanda a ka yi wa jifa, ya yi shekaru yana yawon neman magani, ya sayar da akuya ya sayar da hatsi, alhali kuwa ciwon sananne ne, yana da suna, yana da magani mai kashe shi cikin minti 15. In shugabanni sun gane shi, to, rabin wahalar ta ƙare.

KAMANNIN CIWON

Wanda ya taɓa ganin mai wannan ciwo sau ɗaya ba zai sake mance kamanninsa ba. Ga alamunsa.

Na farko, gefe ɗaya na kai ya ke kamawa, kuma a cikin ido ya ke zama, ko bayan ido, ko saman gira, ko wajen da ke tsakanin ido da kunne. Yakan miƙa zuwa haƙoran sama da muƙamuƙi da wuya, amma duk a gefen nan guda. Masu ciwon sukan ce ji su ke yi kamar an sa basilla a wuta an soka musu cikin ido, ko kamar ana son a ƙwaƙule idon.

Na biyu, yana zuwa da gaggawa. Cikin 'yan mintoci kaɗan ya kai ƙarshen zafinsa. In ba a yi magani ba yakan ɗauki minti 15 har zuwa awa 3, sa'an nan ya sake mutum, wani lokaci farat ɗaya kamar yadda ya zo.

Na uku, gefen fuskar da ke ciwo yakan nuna. Idon ya yi ja, ya yi ta zubar da hawaye shi kaɗai, ɗaya idon kuwa garau. Ƙofar hanci ta wannan gefe ta toshe ko ta yi ta yoyo. Fatar idon ta kumbura ko ta sauko ta rufe rabin idon. Baƙin tsakiyar idon ya tsuke ya fi na ɗayan ƙanƙanta. Goshi ya yi gumi. Ba lalle ne a ga dukansu ga mutum guda ba, ko ɗaya ko biyu sun isa shaida.

Na huɗu, mai ciwon ba ya iya zama wuri ɗaya. Sai ka ga yana kai da kawowa a tsakar gida, yana dafe da ido, yana durƙusawa yana miƙewa, wani har ya riƙa buga kansa da bango ko da ƙasa. Wannan ne ke sa a ce ya taɓu. Amma fa hankalinsa na nan sarai: ya san mutane, ya san inda ya ke, in ciwon ya sake shi zai ba ka labarin duk abin da ya faru. Azaba ce kawai ta hana shi natsuwa.

Na biyar, yana kiyaye lokaci kamar mai agogo. Wani kullum sai ya yi barci da awa 1 ko 2 ciwon ya tashe shi. Wani da asuba, wani bayan azahar. Akwai wanda ke samun bugu ɗaya cikin kwana biyu, akwai kuma wanda ke samu har sau 8 a kwana guda.

ZANGO DA HUTU

Wajibi ne a rarrabe abu biyu, watau bugu da zango. Bugu shi ne tashin ciwon sau ɗaya, na minti 15 zuwa awa 3. Zango kuwa shi ne dukan kwanakin da bugun ke ta maimaituwa. Ga yawancin mutane zango yakan yi mako 4 zuwa mako 12. In ya wuce sai mutum ya koma lafiyarsa ƙalau, ya yi noma, ya ci kasuwa, kamar bai taɓa ciwo ba. Sau da yawa zangon yakan komo a lokaci guda na shekara, har mai shi ya riƙa cewa, "Watan ciwona ya kusa."

Wannan hali na tafiya da komowa shi ke ruɗin mutane. Duk maganin da a ka yi wa mutum a makon ƙarshe na zangonsa, shi za a ce ya warkar da shi, ko da kuwa ciwon da ma ya ɗaure kayansa zai tashi. In shekara ta kewayo ya komo, sai a koma wa mai maganin nan da kuɗi, a wannan karo kuwa ba ya ci, sai a ce ai maƙiya ne su ka sabunta aiki.

Akwai kaɗan daga cikin masu ciwon, kamar mutum 1 cikin 10 ko fiye da haka kaɗan, waɗanda nasu ba ya tashi. Sukan shekara suna fama, in ma sun sami hutu ba ya kai wata 3. Waɗannan su ne mafi bukatar a kai su ga babban likita.

WA YA KE KAMAWA

A ƙasashen da a ka yi ƙididdiga an sami kamar mutum 1 cikin 1,000 yana da wannan ciwo. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum in an haɗa sun haura 500,000, kuma sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. In an auna da wancan ma'auni, ashe masu wannan ciwo a ƙasashen nan uku ɗaruruwa ne, ba ɗaya ko biyu ba.

Ya fi kama maza, amma mata ma suna yinsa, kada a ce don mace ce ba shi ba ne. Ya fi farawa tsakanin shekara 20 da 40, watau daidai lokacin da mutum ke da ƙarfin noma da ɗaukar nauyin iyali. Yawancin masu shi mashaya taba ne, ko sun taɓa sha. Wani lokaci akan same shi ga mutum biyu a dangi guda. Ba a ɗaukarsa daga wani: ba ya bin numfashi, ba ya bin ƙwarya ko tabarma. Saboda haka babu dalilin ware mai shi, ko hana shi shiga masallaci da kasuwa, ko hana shi aure.

INDA YA KE FITOWA

Ciwon ba sabo ba ne. Tun 1641 wani likita na birnin Amstadam a ƙasar Holan, mai suna Nicolaes Tulp, ya rubuta labarin wani mutum da kansa ke ciwo kullum a sa'a guda, ba ya cika wuce awa 2, sa'an nan ya sake shi. A 1926 Wilfred Harris ya bayyana shi a Landan, a 1939 kuma Bayard Horton ya yi nasa bayanin a Amurka. A 1952 ne Edward Kunkle da abokan aikinsa su ka lura da yadda bugun ke zuwa gungu-gungu, daga nan sunan kulasta ya samo asali.

Ko da ya ke a ido a ke jin zafin, ba idon ne ke da laifi ba, ba kuma haƙori ko hanci ba. Akwai wata babbar jijiya mai rassa uku wadda ke ɗaukar ji daga fuska zuwa ƙwaƙwalwa: reshe ɗaya na goshi da ido, ɗaya na kunci, ɗaya na haɓa. Lokacin bugu reshen ido ne ke harzuƙa, shi kuma ya tayar da waɗansu jijiyoyi masu sarrafa hawaye da majina. Shi ya sa ido ke zuba, hanci ke toshewa.

Amma mai ba da umurni yana can ciki. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri, girmansa kamar ƙwayar gujiya, likitoci suna ce masa haifotalamas. Shi ne agogon jiki: shi ke tsara barci da farkawa, da yunwa da ƙishirwa, da zafin jiki. A 1998 Arne May da Peter Goadsby da abokan aikinsu a Landan su ka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu ciwon a daidai lokacin bugu, su ka ga wannan wuri yana aiki fiye da kima a gefen da ke ciwo. Wannan ya yi daidai da abin da masu ciwon su ka daɗe suna faɗa, cewa ciwonsu ya san sa'a ya san wata. Ashe kiyaye lokacin da mutane ke ɗauka shaidar aljani ne, aikin agogon da Allah ya halitta cikin kan kowa ne.

CIWON KAI DA BA SHI BA NE

Wannan shi ne babi mafi muhimmanci ga ƙasarmu, domin muna da ciwon kai masu kisa, kuma babban haɗari ne a ɗauki ɗayansu a ce mai zango ne, a zauna jiran ya wuce.

Sanƙarau. Yana zuwa da zazzaɓi mai zafi, da sanƙarewar wuya, da amai, da ƙin haske, sa'an nan ruɗewa ko suma ko farfaɗiya. Ciwon kansa ba ya saki ya komo, gaba ya ke yi. Lokacinsa daga hunturu ne har saukar ruwan sama. A 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya. Annobar da ta faro daga Jihar Zamfara a ƙarshen 2016 ta shiga 2017 ta kwantar da fiye da mutum 14,000 a ƙasar, ta kashe fiye da 1,100. Mai zango ba ya kawo zazzaɓi ko kaɗan. In da zazzaɓi, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take.

Gubar dalma. Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa bukatar a tuna musu 2010, sa'ad da niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ya watsa ƙurar dalma a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da 'Yargalma da Tungar Guru, yara fiye da 400 su ka rasu, ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta zo ta yi aikin ceto, a ka kwashe ƙasar gidaje, a ka kai ga Bagega a 2013. Dalma tana sa babba ciwon kai, amma nata na dukan kai ne, mai nauyi, ba ya bin sa'a, kuma yana tafe da murɗar ciki, da taurin bayan gida, da kasala, da saurin fushi, wani lokaci da mutuwar wuyan hannu. Ga yara kuwa amai da suma da jijjiga. Duk mai haƙa ko niƙa ko wankin dutsen zinariya da ke kukan ciwon kai, a faɗa wa likita sana'arsa, don a auna jininsa.

Zazzaɓin cizon sauro. Da zazzaɓi ya ke zuwa, da sanyi da ciwon gaɓoɓi, kuma ɗigon jini a kan ɗan allon gwaji ya isa ya nuna shi.

Ciwon ɓarin kai da a ka saba da shi. Shi ma gefe ɗaya ya ke kamawa, don haka shi a ka fi rikitawa da mai zango. Amma ya fi kama mata, yakan ɗauki awa 4 har zuwa kwana 3, yana zuwa da tashin zuciya, kuma mai shi ɗaki mai duhu ya ke nema ya kwanta shiru, don motsi na ƙara masa. Mai zango kuwa gajere ne, mai shi ba ya iya kwanciya.

Hawan ruwan ido. Ido ya yi ja ya yi zafi ya yi tauri, gani ya dushe, mutum ya riƙa ganin zobe kewaye da fitila, har ya yi amai. Wannan yana makantarwa cikin kwana kaɗan in ba a kai ga likitan ido ba. Mai zango ba ya rage gani.

Har wa yau, a gaggauta kai mutum asibiti, ko da dare ne in hanya ta yiwu, in an ga ɗayan waɗannan: ciwon kai da ya faɗo farat ɗaya kamar tsawa, mutum bai taɓa jin irinsa ba, ciwon kai tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ciwon kai bayan faɗuwa daga babur ko duka a ka, ciwon kai ga mace mai ciki ko mai jego, balle in ƙafafunta sun kumbura ko ganinta ya dushe, da sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50.

Ko wanda alamunsa su ka yi daidai da mai zango, lalle ne likita ya duba shi tun a zangon farko, domin akwai ƙari da waɗansu cututtuka na cikin kai masu kwaikwayonsa. Shi ya sa likitoci kan so a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa sau ɗaya don a tabbata.

MAGANIN KASHE BUGU

Magani kashi biyu ne: na kashe bugu in ya taso, da na tsare shi kada ya taso. Na kashe bugu dole ya zama mai saurin aiki, domin ƙwayar da a ka haɗiya kafin ta narke ta shiga jini, bugun ya riga ya gama cin mutum.

Na farko shi ne iskar oksijin, irin ta tukunyar ƙarfe da a ke sa wa marasa lafiya a asibiti. Ana ba da ita tsantsa, lita 12 zuwa 15 a minti guda, ta abin rufe hanci da baki mai 'yar jaka a ƙasa, har minti 15 zuwa 20, mutum yana zaune ya ɗan sunkuya gaba. A wani gwaji da a ka yi a Landan, a ka buga sakamakonsa a 2009, bugu 78 cikin 100 sun lafa cikin minti 15 da oksijin, alhali da iska ta banza 20 ne kawai su ka lafa. A lura da abu biyu. Siririn bututun nan mai shiga ƙofofin hanci ba ya wadatarwa, haka kuma ƙaramin injin tace iska mai ba da lita 5. Sa'an nan oksijin abokiyar wuta ce: kada a kusanto da taba ko fitila ko murhu inda tukunyar ta ke.

Na biyu allura ce mai suna sumatiriftan, miligiram 6, a ƙarƙashin fata. A gwajin da a ka buga a 1991 ta sauƙaƙa bugu kamar 3 cikin 4 a minti 15. Likita na iya koya wa mai ciwon ya yi wa kansa. Ba a wuce allura 2 cikin awa 24. Kuma ba a yi wa mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba, domin tana tsuke hanyoyin jini. Akwai irinta ta fesawa a hanci, amma ba ta kai allurar sauri ba.

MAGANIN TSAREWA

Da zarar zango ya sauka, likita kan fara maganin da zai rage yawan bugun. Wanda a ka fi dogara da shi shi ne berafamil, ƙwaya ce da a ka sani da maganin hawan jini da bugun zuciya. Akan fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma kafin kowane ƙari sai an auna bugun zuciya da na'ura, don yana iya rage saurinta fiye da kima. Yakan ɗauki mako 1 ko 2 kafin a ga amfaninsa. Don cike wannan tazara likita na iya ba da firednisolon na 'yan makonni, yana rage shi sannu-sannu, ko ya yi allura a ƙeya wajen wata jijiya ta gefen da ke ciwo. Ga wanda nasa ba ya tashi akwai litiyam, wanda sai ana auna jini a kai a kai. In zango ya wuce akan janye maganin a hankali, a ajiye sai wani karo.

An ambaci sunayen nan ne don shugabanni su san akwai su, ba don a aika yaro kemis ya sayo ba. Berafamil ba tare da awon zuciya ba yana iya kisa. Firednisolon in an daɗe ana sha yana kawo ciwon sukari da hawan jini da gyambon ciki, yana kuma cin ƙashin ƙugu.

ABIN DA BA YA AMFANI

Farasitamol da asfirin da sauran ƙwayoyin ciwon jiki ba sa taɓa wannan ciwo. Taramol da kodin ma haka, kuma su sharrinsu ya fi yawa: mutum ya fara sha don ciwo, ciwon bai tafi ba, ya wayi gari ba ya iya rabuwa da su. Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi tun 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa.

Cire haƙori ba ya magani. Mutane da yawa sun rasa haƙoransu masu lafiya ɗaya bayan ɗaya, ciwon na nan. Haka ƙaho da tsaga da sakiya a gefen ido: tabo kawai su ke bari, in kuwa aska ba ta da tsabta ta sa wa mutum wata cutar. Kada a ɗiga ruwan ganye ko wani haɗi cikin ido, don idon lafiyarsa lau, ɗigin ne zai lalata shi. Kada a turara wa mai ciwon hayaƙi, kada a ɗaure shi, kada a doke shi da sunan fitar da iska. Addu'a kuwa alheri ce a kowane hali, a yi ta, a kuma haɗa da zuwa asibiti, gama neman magani ba ya rage tawakkali.

ABIN DA MAI CIWON ZAI KIYAYE

Muddin zango na nan, ko kurɓi ɗaya na giya ko burkutu yana iya tayar da bugu cikin awa guda. Warin fetur da fenti da turare mai ƙarfi yana tayar wa waɗansu, saboda haka mai sayar da mai a galan da mai gyaran babur su kula. Barcin rana yana tayar wa waɗansu. Ya kamata mutum ya tsayar da lokacin kwanciyarsa da na tashinsa. Barin taba ba ya kore ciwon nan da nan, amma yana tsare zuciya da hanyoyin jini, watau yana bar wa mutum ƙofar yin allurar nan a buɗe. In ya ji alamar bugu kada ya hau babur ko itace, kada ya shiga rijiya ko ramin haƙa.

Iyalinsa kuma su san ba ya son a riƙe shi ko a dame shi da tambaya lokacin bugu. A kawar da wuƙa da lauje da duk abin da zai ji wa kansa rauni da shi, a janye yara, mutum guda ya tsaya kusa.

Akwai magana mai nauyi da ba za a ɓoye ba. Saboda tsananin azabarsa, waɗansu masu wannan ciwo sukan yi tunanin hallaka kansu, musamman wanda ya yi shekaru ba wanda ya gaskata shi. In an ji mutum yana cewa gara mutuwa da wannan, kada a ɗauka wasa ne, kada kuma a tsaya ga yi masa faɗa. Kada a bar shi shi kaɗai, a ɓoye maganin ƙwari da bindiga, a kai shi ga likita a faɗi abin da ya ce.

AIKIN HAKIMI DA NA MALAMINSA

Na ɗaya, a karanta wannan bayani a zaman dagatai da masu unguwanni, a kuma sanar da limamai da wanzamai da masu kemis, gama su ne mai ciwon ke fara zuwa wurinsu.

Na biyu, malamin Hakimi ya taimaki mai ciwon da rubutu. Wannan ciwo ba a ganinsa a jini, kuma sau da yawa mutum kan isa gaban likita a sa'ar da ya ke garau, a duba a ce ba a ga kome ba. Labarin ciwon shi ne shaidarsa. A sami takarda a ja layi shida: kwanan wata, ƙarfe nawa ya fara, ƙarfe nawa ya saki, wane gefe, me a ka gani a ido da hanci, wane magani a ka sha. In babu agogo a rubuta da lokutan salla. In akwai mai waya a gidan, ya ɗauki hoton fuskar lokacin bugu, da yardar mai ita. A ƙasan takardar a rubuta sana'ar mutumin, da shekarar da ciwon ya fara, da watan da ya saba zuwa, da ko yana shan taba, da ko an taɓa ce masa yana da hawan jini. Takardar mako 2 irin wannan ta fi dogon bayani na baki.

Na uku, a bi matakai. A fara da babban asibiti mafi kusa, kamar na Anka ko na Gummi. In likita ya ga bukatar ƙarin bincike zai tura Gusau, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura su ke, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A riƙe takardar turawa da kyau.

Na huɗu, a yi shiri tun ciwon bai zo ba. Kowa ya san halin da hanyoyinmu su ka shiga a shekarun nan, bugun kuwa da dare ya fi zuwa, lokacin da fita ke da haɗari. Wanda a ka tabbatar yana da ciwon, kuma ya san watansa, ya ga likita da rana tun kafin watan ya kama, ya karɓi abin da za a ba shi. In ƙauyensa na nesa, a nema masa masauki wurin dangi kusa da asibiti har zangon ya wuce. Hakimi kuma ya yi magana da shugaban asibiti a kan oksijin, don a san yadda za a ba irin wannan mutum ba tare da an tauye yara masu ciwon huhu da mata masu haihuwa ba.

Na biyar, a tsare masa mutuncinsa. Kada a yarda a riƙa kiransa mahaukaci ko rago. In gardama ta taso tsakaninsa da maigidan aikinsa, ko surukansa, ko a ka zargi wani maƙwabci ko kishiya da yi masa sammu, Hakimi ya bayyana wa jama'a cewa ciwo ne na jijiya da likitoci su ka sani fiye da shekara 300, ba hannun kowa a ciki. Zumunci da yawa ya lalace a kan zargin da ba shi da tushe.

TAƘAITAWA

Gefe ɗaya, cikin ido, da hawaye da toshewar hanci, minti 15 zuwa awa 3, a sa'a guda kullum, mutum ya kasa zama, babu zazzaɓi: wannan mai zango ne, a rubuta labarinsa a kai shi ga likita. Ciwon kai da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko ruɗewa, ko dushewar gani, ko mutuwar gaɓa: wannan ba ya jiran rubutu, a ɗauke shi yanzu.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Muna roƙon Hakimai da malamansu su isar da wannan bayani har ƙauyen da ya fi nisa a ƙasarsu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ja zamanin Sarakunanmu, amin.